Masu Bin Sawun Fayil: Sana'ar Gyara Hanya Tsakanin Gida da Ofis

Ƙarshen wata shi ne lokacin da wayar mai wannan sana'a ba ta hutawa. Akanta ce za ta kira da daddare, tana gidanta a Kano, takardar albashin ma'aikata kuma tana cikin babbar kwamfutar kamfani a Kaduna. Ta kunna VPN, alama ta nuna an haɗu, ta danna foldar da ta saba buɗewa kullum, folda ta tsaya tana ta juyi. Ma'aikata na jiran albashi, manaja na jiran ta, ita kuwa abin da za ta iya faɗa bai wuce: “Injiniya, abin nan fa ya ƙi buɗuwa.”

Daga wannan 'yar magana ake fara aiki. Makanikin mota yana da ƙarar inji da zai saurara, mai gyaran rediyo yana da ƙaurin wayar da ta ƙone. Shi kuwa mai wannan sana'a, abin da ke gabansa hanya ce da ido ba ya gani: saƙo ya tashi daga wannan kai bai isa wancan ba, kuma dole a gano inda ya maƙale. Shi ya sa na fi son in kira su masu bin sawu. Kamar yadda mai bin sawun dabbar da ta ɓace yake farawa daga turke, ya bi taku bayan taku har inda sawu ya yanke, haka su ma suke yi. Wanda ya iya aikin ana gane shi da abu biyu: ba ya tsallake taku, kuma ba ya rushe katanga don ya gajarta tafiya.

Abubuwa biyu da aka haɗa

Yawancin mutanenmu sun fara jin sunan VPN a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, dakatarwar da ta kai har Janairun 2022. Matasa suka riƙa sauke manhajojin da ke sa waya ta zama kamar tana wata ƙasa. Na ofis da muke magana a kai amfaninsa daban. Hanya ce rufaffiya da ake shimfiɗawa a cikin intanet, daga kwamfutar ma'aikaci zuwa cikin ofis. Duk abin da zai bi ta cikinta sai an kulle shi da sirri, ta yadda na gefen hanya ba zai iya karantawa ba, kwamfutar da ke gida kuma ta zama kamar tana kan tebur a ofis. Ma'aikatu da yawa sun rungumi wannan hanya a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka kulle Legas da Abuja da Ogun a ƙarshen Maris, sannan Kano a watan Afrilu. An buɗe gari daga baya, amma aiki daga nesa ya zauna.

Hanyoyin iri-iri ne. Akwai PPTP na shekarun 1990, wanda masana suka daɗe da daina amincewa da tsaronsa. Akwai IPsec da manyan kamfanoni suka fi amfani da shi. Akwai OpenVPN da James Yonan ya fitar a 2001, sai WireGuard na Jason Donenfeld, wanda aka shigar cikin Linux a watan Maris na 2020.

Abu na biyu shi ne yaren da kwamfutoci ke yi idan ɗaya na neman fayil a wajen ɗaya. A duniyar Windows sunansa SMB. Barry Feigenbaum ne ya tsara shi a kamfanin IBM a 1983, Microsoft ta ɗauka ta raine shi, sannan a 1992 wani ɗan Ostireliya, Andrew Tridgell, ya fitar da Samba, wadda ta ba kwamfutocin Unix da Linux damar jin yaren. An yi SMB ne don kwamfutocin da ke gini ɗaya, inda saƙo ke zuwa ya dawo kafin ƙiftawar ido. Yare ne na 'yan gida ɗaya aka ɗora masa tafiyar fatake. Kusan duk wahalar wannan sana'a daga nan ta samo tushe.

Tambaya kafin taɓa komai

Gwani ba ya fara da danne-danne. Tambaya yake farawa da ita, kuma tambayoyin nasa a jere suke. “Hajiya, jiya ya buɗe? Ke kaɗai ce ko har da abokan aikinki? Folda ɗaya ce ta ƙi ko duka? Da wace data kike aiki yau, ta gida ko ta waya? Kin canza kalmar sirri kwanan nan? Karanto min abin da ya rubuto, har da lambar.”

Kowace amsa tana rage masa rabin daji. In kowa ya kasa shiga, matsalar tana ofis: ko wuta ta ɗauke saba, wato babbar kwamfutar ofis, ta mutu, ko layin ofis ya yanke. In mutum ɗaya ne, sai a nufi gidansa. In jiya ya yi aiki yau ya ƙi, to wani abu ya canza tsakanin jiya da yau, kuma sau da yawa mai kiran ya san abin, bai dai ɗauke shi da muhimmanci ba. Ya sayi sabon modem, ko kwamfutarsa ta sabunta kanta cikin dare.

Lambar da kwamfuta ke fitarwa ma magana ce ga mai ji. Lamba 53, ko doguwar 'yar'uwarta 0x80070035, tana nufin ba a ga hanyar zuwa wurin ba sam. Lamba 5 tana nufin an isa, amma an hana shiga. Tsakanin “ban same shi ba” da “na same shi ya hana ni” akwai tazarar aikin yini guda, kuma ɗan koyon da bai bambance su ba zai kwana yana gyara makulli alhali hanya ce ta yanke.

Tudun Wada biyu

Bayan tambaya sai a gwada hanya. Akwai wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna ping, wadda Mike Muuss ya rubuta a 1983. Aikinta sallama ce kawai: ta aika, ta jira a amsa, ta faɗi tsawon lokacin da amsa ta ɗauka. Ita ce sandar mai bin sawu. Da ita zai yi wa ƙofar ofis sallama, sannan ya yi wa saba.

A nan ake yawan cin karo da matsala ta farko, wato karon adireshi. Tun 1994 aka ware wasu rukunin lambobi uku don amfanin cikin gida da ofis: masu farawa da 10, da masu farawa da 172.16 zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168. Kowa na da ikon ɗauka, ba sai ya nemi izini ba. Masu ƙera rauta kuma, wato na'urar da ke raba intanet a gida da ofis, kusan duk sun taru a kan biyu, 192.168.0 da 192.168.1. To idan wanda ya fara haɗa sadarwar ofis ya bar ta a kan 192.168.1, rautar gidan ma'aikaci ita ma tana kan 192.168.1, rikici ya tashi ke nan.

Kamar ka ce wa ɗan aike a Zariya ya kai wasiƙa Tudun Wada, kai kana nufin ta Kaduna. Ba zai hau mota ba, Tudun Wadar da ke kusa da shi zai nufa, ya yi ta neman gidan da babu shi a can. Haka kwamfuta take yi: in ta ga adireshin ya yi kama da na cikin gida, a cikin gida za ta nema, ba za ta tura saƙon ta hanyar VPN ba. Alamar wannan cuta a bayyane take ga wanda ya sani. Ma'aikaci ya kasa shiga da intanet ɗin gida, amma da ya jona da datar wayarsa sai komai ya buɗe, saboda waya ta ba shi wasu lambobi daban. Gyaran gaggawa shi ne a canza lambobin rautar gidan. Gyara na dindindin kuwa a ofis yake: a tashe shi daga lambobin da kowa ke kai, a mayar da shi wani rukuni da ba a cika amfani da shi ba. Aiki ne na ƙarshen mako, kuma mai sana'ar da ya san ciwon kansa tun ranar kafa sadarwa yake kauce wa wannan.

Suna da lamba

Wani lokaci sallama ta lamba tana isa, amma in aka kira saba da sunanta sai shiru. A cikin ofis, kwamfuta na iya neman 'yar'uwarta ta hanyar shela: ta ɗaga murya ta kira suna, mai sunan ya amsa. Wannan tsohuwar hanyar NetBIOS ce, kuma shelarta ba ta tsallake rauta, balle ta bi doguwar hanya zuwa wani gari. Daga nesa sai an bi ta DNS, wato kundin da ke mayar da suna lamba, wanda Paul Mockapetris ya tsara a 1983. Ofis yana da nasa kundin na cikin gida. Idan VPN bai gaya wa kwamfutar ma'aikaci ta tambayi wannan kundin ba, sai ta je ta tambayi na kamfanin data, wanda bai taɓa jin sunan sabar ofis ba.

Gwajin mai sauƙi ne: a kira folda da lamba, sannan a kira ta da suna. In lamba ta buɗe suna ya ƙi, an kama ɓarawo. Mai gaggawa a nan zai ce wa ma'aikaci ya ci gaba da amfani da lamba kawai. Gwani ba ya tsayawa a nan, domin ya san lamba na iya canzawa, kuma ya san tsarin tantance mutane na ofis ya fi ƙarfi idan da suna aka zo. Zai koma ya gyara saitin DNS a VPN ɗin, don kowa ya huta gaba ɗaya.

Ƙofa, makulli da agogo

Kowace kwamfuta tana da ƙofofi masu lamba, kowane irin aiki da tasa. SMB ta ƙofa ta 445 yake shiga, na dā kuma ta 139. Hanya na iya zama lafiya, suna ya fita daidai, amma katangar tsaro ta rufe ƙofar. Windows takan raba sadarwa gida uku: ta ma'aikata, ta gida, da ta bainar jama'a, kuma a ta ukun takan rufe musayar fayil. Haka nan dokar katangar sau da yawa tana cewa a buɗe wa maƙwabta kawai, wato masu lambobi irin na ofis. Mai zuwa ta VPN kuwa wasu lambobi ake ba shi, don haka katanga na ganinsa a matsayin baƙo. Gyaran shi ne a rubuta doka ɗaya mai iyaka: masu lambobin VPN su shiga ƙofa ta 445 a kan wannan saba, ba wani wuri ba.

In an wuce ƙofa, saura tantancewa. Ofisoshin da ke kan tsarin Windows suna amfani da Kerberos, wanda aka ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka a shekarun 1980. Yana ba mutum tikiti mai ɗauke da lokaci, kuma a yadda aka saba saita shi, in agogon kwamfuta ya saɓa da na saba da fiye da minti 5, ba a karɓar tikitin. Tsohuwar laftof da ƙaramin batirin agogonta ya mutu na iya hana mutum aiki yini guda, kalmar sirrinsa daidai, izininsa daidai. Ana kuma samun wanda ya canza kalmar sirri a ofis, laftof ɗin gida na riƙe da tsohuwa, tana ta miƙa ta har a kulle asusunsa.

Izini ma hawa biyu ne. Akwai na bakin foldar da aka raba, akwai na kan fayilolin kansu, kuma wanda ya fi tsanani a cikin biyun shi ke aiki. Mai sana'a yana duba duka biyun kafin ya ce wa kowa an hana shi ko an ba shi.

Ambulan cikin ambulan

Akwai cuta ɗaya da ke raba gwani da ɗan koyo. An haɗu, folda ta buɗe, ana ganin sunayen fayiloli, ƙaramar takarda ma ta buɗe. Amma da an taɓa babban fayil sai komai ya daskare. Ɗan koyo zai ce data ce ba ƙarfi. Gwani zai tuna da girman ƙunshi.

Bayanai ba a dunƙule suke tafiya ba, ana yanka su ƙunshi-ƙunshi. A sadarwar ofis, mafi girman ƙunshi bayit 1,500 ne. VPN kuwa yana ɗaukar kowane ƙunshi ya kulle shi, ya saka shi cikin wani, ya rubuta sabon adireshi a bayansa, kamar ambulan cikin ambulan. Ambulan na waje yana cin wuri. Shi ya sa WireGuard ya saba tsayawa a kan 1,420. In kwamfuta ta cika ƙunshi har 1,500, aka ƙara masa rigar VPN, sai ya fi ƙarfin hanya, kamar tirelar da aka yi wa lodi ya yi tsawo ta iso ƙarƙashin gada.

A ƙa'ida, na'urar da ta tare ƙunshin za ta aiko da saƙo cewa ya yi girma, a rage. To amma wasu masu kula da katanga, don neman ƙarin tsaro, sukan toshe duk irin waɗannan saƙonni. Sai ƙunshi ya ɓace ba labari, mai aikawa ya yi ta sake turo shi da girmansa, yana sake ɓacewa. Ƙananan saƙonni na wucewa, shi ya sa sallama ke isa, folda ke buɗewa. Manya ne ke faɗawa rami.

Yadda ake kama ta abin sha'awa ne. Mai sana'a zai aika ping mai nauyin bayit 1,472, wanda in aka haɗa da bayit 28 na kai ya cika 1,500, ya kuma sa masa sharaɗin kada a raba shi a hanya. In bai dawo ba sai ya rage: 1,450, 1,420, 1,400, har ya sami wanda ya wuce. Daga nan ya san faɗin gadar, sai ya saita rauta ko VPN yadda kwamfutoci za su riƙa yanka kayansu daidai da ita. Lamba ɗaya ake canzawa, amma kafin a san wace ce sai an yi haƙurin aunawa.

Ba ya ƙi ba, nauyi yake yi

Rabin ƙorafin da ke zuwa ba na ƙin buɗewa ba ne, na jinkiri ne. A nan mai sana'a kan sha fama da shugabannin ofis, domin abin da suka sani shi ne a ƙara kuɗin data. Sai ya zauna ya bayyana musu cewa faɗin hanya daban, nisanta daban.

SMB yare ne mai yawan kai da komowa. Kafin ya miƙo fayil sai ya tambaya: akwai shi? Nawa ne girmansa? Wa ke riƙe da shi? In buɗe? Kowace tambaya sai ta je ta dawo. Mu ɗauka buɗe wata folda na buƙatar kai da komowa sau 1,000. A cikin ofis, inda kowanne ke cin kashi ɗaya cikin dubu na sakan, sakan ɗaya ya isa. A kan layin da kowanne ke cin kashi ɗaya cikin goma na sakan, aikin ya zama sakan 100. In kuma reshen ofis yana wani ƙauye da ke dogara da tauraron ɗan'adam irin na nesa, mai nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa, inda zuwa da dawowa ke haura rabin sakan, lissafin ya doshi minti 10. Ko an ninka data sau goma, nisan bai ragu ba.

Microsoft ta rage wannan surutu a SMB na biyu da ya zo da Windows Vista a 2006, inda umarnin yaren suka sauko daga sama da 100 zuwa 19, kuma aka ba shi damar haɗa buƙatu da yawa a tafiya ɗaya. SMB na uku, da ya zo a 2012, ya ƙara da kulle bayanai da sirri. Duk da haka akwai kayan da ba a yi su don tafiyar nesa ba, irin su rumbun bayanai na Access da wasu manhajojin lissafi da ke ajiye komai a fayil guda. In layi ya yanke ana tsakiyar rubutu, fayil ɗin na iya lalacewa baki ɗaya. Mai sana'a na gaskiya zai ce kada a buɗe irin waɗannan ta VPN. A bar su a ofis, ma'aikaci ya shiga wata kwamfuta da ke can ya sarrafa ta daga nesa, hoton allo kawai ke tafiya.

Wani lokacin kuma laifin ba na kowa ba ne a kusa. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, sun sami matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, sadarwa ta tabarbare a ƙasashe da dama har da Najeriya da Ghana. A irin wannan rana, gwaninta ita ce mutum ya gane da wuri cewa ciwon ba a gidansa yake ba, ya bar saitinsa yadda yake, ya faɗa wa mutanensa gaskiya.

Gajeriyar hanya mai halaka

Kowace matsala da na lissafa tana da gyaran minti ɗaya. Katanga ta hana? A kashe ta. Izini ya hana? A ba kowa ikon komai. Tsohuwar na'urar ajiya ba ta jin sabon yare? A kunna SMB na farko. VPN na wahalarwa? A buɗe ƙofa ta 445 kai tsaye zuwa intanet. Duk suna aiki nan take, mai kira ya yi godiya, ya sa albarka. Kuma duk gyaran gira ne da ke kaiwa ga rasa ido.

Duniya ta ga sakamakon haka ranar 12 ga Mayu, 2017, lokacin da cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu. Ta wata ɓaraka a SMB na farko ta shiga, ta ƙofa ta 445, ta kulle fayilolin mutane ta nemi kuɗin fansa. Ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa ɗage ganin marasa lafiya. Abin da ya fi ciwo shi ne Microsoft ta riga ta fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda suka sabunta kwamfutocinsu sun tsira. A ƙarshen wannan shekarar Microsoft ta fara daina saka SMB na farko a sabbin Windows 10. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan fage sau da yawa mai gyara ne ke tsaga bangon da hannunsa don ya sallami mai kira da wuri.

A nan ne ake sanin nauyin mai sana'a. Manaja na tsaye a kansa: “Injiniya, ka buɗe kawai, gobe ma gyara.” Shi kuma ya ce: “Ranka ya daɗe, a ba ni minti talatin in gano asalin abin. In na buɗe yanzu, ba ku kaɗai na buɗe wa ba.” Faɗin wannan magana ga wanda ke biyanka albashi yana buƙatar zuciya, kuma ita ce rabin sana'ar.

Kayan aiki da koyo

Jarin sana'ar bai da yawa: laftof, 'yan wayoyin sadarwa, abin gwada waya, layin data na kamfanoni biyu don gwaji, da littafin rubutu. Manhajojin da aka fi dogara da su kyauta ne. Bayan ping akwai traceroute na Van Jacobson, da ke nuna zango-zangon da saƙo ke bi. Akwai nslookup na tambayar kundin sunaye. Sai babbar yayarsu Wireshark, wadda Gerald Combs ya fitar a 1998 da sunan Ethereal, aka canza mata suna a 2006. Ita tana kama ƙunshin da ke wucewa ta baje su a allo, mutum ya ga inda aka yi tambaya ba a amsa ba. Gani ya kori ji, kuma duk wanda ya iya karanta ta ya daina aiki da zato.

Littafin rubutun nan kuwa ya fi yadda ake ɗaukarsa. Doka ce a sana'ar: canza abu ɗaya, ka gwada, ka rubuta. Wanda ya canza abu biyar a lokaci guda, ko ya gyaru bai san me ya gyara ba, in kuma ya ƙara lalacewa bai san ta inda zai koma ba.

Hanyar koyo a buɗe take. Akwai takardun shaida da duniya ta sani, irin su CCNA na Cisco, da Network+ na CompTIA, da MTCNA na MikroTik, kamfanin ƙasar Latbiya da rautocinsa suka cika ƙananan ofisoshi saboda sauƙin kuɗi. Akwai sassan koyar da kwamfuta a jami'o'i da kwalejojin fasaha, akwai kuma Digital Bridge Institute da Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta kafa a 2004, wadda ke da reshe a Kano. Amma takarda ba ta isa ba. Kamar ƙira da ɗinki, sai an zauna gaban maigida, an riƙe masa tsani, an ja waya cikin silin, an ga yadda yake tambaya. Matashin da ke da tsofaffin kwamfutoci biyu da rauta ɗaya zai iya kafa ƙaramin ofis a ɗakinsa, ya lalata shi da gangan ya gyara, har hannunsa ya faɗa. 'Yan mata ma fage ne da ya dace da su ƙwarai, domin yawancin aikin daga nesa ake yinsa, kuma natsuwa yake so, ba ƙarfin damtse ba.

Wahala da amana

Sana'ar tana da ɗacinta. Ranar da komai ke tafiya daidai ba wanda ke tuna mai ita, ranar da abu ya tsaya kowa ya san lambarsa. Kira na zuwa lokacin cin abinci, da ranar Sallah, da tsakar dare. Wutar lantarki na yanke masa aiki, zafi da ƙurar hunturu na cin na'urori, mai kamfani kuma yakan ga kuɗin batirin ajiya da na sabunta saba kamar asara. Da yake gyaran ba ya barin alamar da ido zai gani, akwai masu ganin bai yi komai ba, su nemi rage masa haƙƙinsa.

Sama da duk wannan akwai amana. Wanda ke gyara hanyar fayil yana riƙe da makullin kowane ɗaki: albashin ma'aikata, takardun kwangila, bayanan marasa lafiya, sakamakon ɗalibai. Zai iya buɗe duk wanda ya ga dama ba wanda ya sani. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa ma'aikatu nauyin tsare bayanan mutane, amma kafin doka akwai tsoron Allah. Mai sana'a nagari yana gwada folda ba tare da ya karanta abin da ke ciki ba. Ba ya tambayar kowa kalmar sirrinsa, cewa yake yi mutum ya shigar da kansa. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki yana rufe asusunsa, ranar da shi kansa zai tafi yana miƙa makullai da bayanan sadarwa a rubuce, ba ya riƙe su don a dawo a roƙe shi.

Kirana ga masu kamfanoni da shugabannin ma'aikatu shi ne su ba waɗannan bayin Allah lokacin da suka nema, su biya su haƙƙinsu, kuma in sun ce kada a buɗe wata ƙofa a saurare su. Ma'aikaci kuma in ya kira, ya faɗi abin da ya canza da lambar da ya gani, ya sauƙaƙa wa mai taimakonsa. Ku kuma matasa masu sha'awar shiga, ku koyi tambaya kafin taɓawa, ku bi sawu taku bayan taku, ku riƙe amanar abin da aka ba ku tsaro. Duk wanda ya riƙe waɗannan uku ba zai rasa aiki ba, kuma zai ci halaliyarsa da mutunci.